Manhajar kantin kawuna tana mutuwa da dare, yaya zan sa ta riƙa tashi da kanta?

Ɗan Harobanda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan aiki.

Bara na rubuta wa kawuna manhajar lissafin kaya. Kantinsa yana kasuwar Katako, siminti da fenti da ƙarfen gini yake sayarwa. Da Node.js na yi ta, bayanai suna cikin PostgreSQL, Nginx a gaba yana karɓar masu shigowa yana miƙa mata, duka a kan Ubuntu 22.04. Kwamfutar tsohuwar Dell ce ta biro, tana ɗakin bayan kanti, yaran kanti kuma suna shiga da wayoyinsu ta wifi su buga faktir.

Da hannu nake tayar da ita, da nohup, umarnin da ke barin ta tana aiki ko na fita, in rufe in tafi. Sai ta yi kwana huɗu ko biyar lafiya lau, wata safiya yara su buɗe kanti su tarar da 502 Bad Gateway. Sau biyu kuma shafin ya yi ta juyi, can sai ya ba da 504. In wuta ta ɗauke har ondiler, wato batirin da ke riƙe kwamfutar, ya ƙare, sai wani ya je ya danna maɓalli, kuma ko an danna manhajar ba ta tashi sai na zo.

Ni a Harobanda nake, kusa da jami'a. Kawu ya kira ni ƙarfe bakwai, in hau moto in haye gadar Kennedy cikin cunkoson safe, kafin in iso an koma rubutu a littafi, direbobi suna tsaye suna jiran takarda. Bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan, don da yarda ya bar littafin da ya yi shekara talatin yana riƙewa. Ina son wani abu da zai gane ta faɗi ya tayar da ita ba tare da ni ba. Wani aboki ya ce in sa cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara masa, ya sake kunna ta kowace awa. Daidai ne?

Yaya Mai Sabar

Wa alaikumus salam ƙanena. Bar maganar cron ɗin nan. In ta mutu ƙarfe bakwai da minti ɗaya, sai takwas za ta tashi; in kuma tana lafiya, za ka katse ta yaro yana tsakiyar buga faktir.

Abin da kake nema yana cikin kwamfutarka tun ranar da ka saka Ubuntu, sunansa systemd. Tun 2015 Ubuntu ta koma kansa, shi ke tayar da Nginx da PostgreSQL ɗinka duk sanda aka kunna injin. Manhajarka ce kawai ba ka damƙa masa ba. Buɗe fayil /etc/systemd/system/kanti.service ka rubuta:

```
[Unit]
After=network.target postgresql.service

[Service]
User=kanti
WorkingDirectory=/opt/kanti
ExecStart=/usr/bin/node server.js
Restart=always
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Daga nan `systemctl daemon-reload`, sai `systemctl enable --now kanti`. Kalmar enable ɗin ce ke sa ta tashi duk sanda kwamfutar ta kunnu, kada ka manta da ita. Don gwaji, nemo lambar aikinta ka kashe ta da `kill -9`, ka ƙirga biyar, ka duba shafin.

Layin RestartSec ina so ka fahimce shi sosai, don shi ya taɓa hana ni barci. In ba ka sa shi ba, systemd kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai yake jira ya sake tayarwa. Kuma yana da ƙa'ida: in aiki ya tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10, sai ya janye hannu ya bar shi a kwance. To ka ga manhajar da ta tashi kafin rumbun bayanai ya shirya za ta cinye damarta biyar cikin ƙiftawar ido, kai kuma kana can kana cewa ai na sa Restart=always. Da daƙiƙa biyar tsakani ba za ta taɓa kai wannan iyaka ba.

Wasu za su ce maka PM2, wani mai kula da manhaja yana tayar da ita, tunda Node ce. Yana aiki, ba na kushe shi. Amma shi ma in ka ba shi `pm2 startup`, systemd ɗin yake roƙo ya tayar da shi. Ga manhaja ɗaya a kanti ɗaya ban ga amfanin ƙarin hawa ba.

Ba'adare

Sannunku da aiki. Daga Tawa nike rubutu, ina kula da injin wani kantin magani.

Abin da Yaya tac ce gaskiya ne, amma ciwo ɗaya ta yi ma magani cikin ukku. Duba abin da yaron ga ya rubuta: akwai 502, akwai 504, akwai ɗaukewar wuta. 502 na nuhin Nginx ya ƙwanƙwasa ƙohwa babu kowa ciki, manhajar ta mutu. 504 kuwa tana ciki da ranta, ta dai ƙi amsawa, Nginx ya jira daƙiƙa 60 yag gaji. Wagga ta biyu systemd bai ganinta, don shi abin da shika dubawa kawai ko aikin na nan. Kamar mai gadi ne da ya yi kwana zamne bisa kujera: in ka hango shi daga nesa ka ce shina aiki.

Sai ka tambayi manhajar da kanta. Yi mata wani ɗan shahi, ka ce da shi /lafiya, wanda duk anka kira shi sai ya tahi PostgreSQL ya yi `SELECT 1` kana ya amsa da 200. Kar ka yi wanda ka amsawa hakanan ba tare da ya taɓa rumbun bayanai ba, wannan ƙarya za shi riƙa yi maka. Sannan ka saka Monit, manhajar da ka sa ido, shi riƙa kiran shahin ga:

```
check host kanti with address 127.0.0.1
  restart program = "/usr/bin/systemctl restart kanti"
  if failed port 3000 protocol http request "/lafiya"
    with timeout 10 seconds for 2 cycles then restart
```

Ga Ubuntu duk daƙiƙa 120 shika zagayowa, kana iya rage shi cikin /etc/monit/monitrc. Na sa zagaye biyu don kar nauyin aiki na ɗan lokaci ya sa a tada manhajar da ba ta yi laihin komi ba.

Ta ukku ba ta manhaja ba ce. Shiga BIOS na Dell ɗin, wato saitin injin da ka zuwa kahin Ubuntu ta tashi, akwai wurin da anka rubuta AC Recovery, mai da shi Power On, duk sa'ad da wuta tad dawo injin ya kunna kainai. Kuma tunda tsohuwa ce, canza ɗan batirin nan CR2032 da ke bisa allon ciki. Mu nan sau biyu munka gyara BIOS, wuta na ɗaukewa sai ya mance, ashe batirin ne yam mutu. Ga zahi ya matso, Afrilu da Mayu ka san yadda wuta ka yi muna. Hure ƙurar da ke cikin injin, ka ɗaga shi daga ƙasa, balle kantin siminti.

Yaya Mai Sabar

Malam Ba'adare ya cika abin da na bari, na gode. Abu ɗaya ne ba na so mu wuce shi.

Ƙanena, ranar da ka haɗa waɗannan duka, kiran kawu zai tsaya, kai kuma za ka ɗauka ka gama. Manhajar tana iya mutuwa sau ashirin a rana tana tashi, babu wanda ya sani, har ranar da za ta mutu a tsakiyar rubuta ciniki: an rage siminti buhu hamsin daga lissafin mangaza, faktir kuwa ba ta shiga ba. In ba a cikin ma'amala ɗaya ka ɗaure rubutun biyu a PostgreSQL ba, wato tsakanin BEGIN da COMMIT, lissafin kawunka ya karkace ke nan, kuma yaron kanti za a fara zargi, ba kwamfuta ba. Wannan ya fi 502 muni nesa ba kusa ba.

Saboda haka ka riƙa karanta `journalctl -u kanti`, nan duk abin da ta faɗa kafin ta mutu yake taruwa. `systemctl show kanti -p NRestarts` zai gaya maka sau nawa aka tayar da ita. Kuma tun yau buɗe nohup.out ɗinka, fayil ɗin da nohup yake tara abin da manhajar ta faɗa, na tabbata dalilin yana kwance a ciki.

Sannan Monit a cikin injin yake. In injin ya mutu, tare suka tafi. Kana buƙatar mai sa ido daga waje. Tunda ba a iya shigowa kantin daga intanet, juya abin: nan ne cron yake da amfani, ya riƙa aika 'yar alama waje kowane minti biyar, zuwa Healthchecks.io ko Uptime Kuma. In alamar ta daina zuwa, saƙo ya shigo wayarka ta Telegram, ka sani kafin kawu ya sani. Ka kuma duba Tailscale ko WireGuard, don ka riƙa shiga injin daga ɗakinka ba sai ka haye gada ba.

Ɗan Harobanda

Yaya, Malam Ba'adare, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara sani. Jiya bayan la'asar na zauna a kanti na yi su ɗaya bayan ɗaya. Na kashe ta da `kill -9` sau uku, sau uku tana dawowa.

Na buɗe nohup.out kamar yadda kika ce, Yaya, ga shi kuwa a rubuce. Kullum ƙarfe goma sha ɗaya na dare manhajar tana aika wa kawu jimillar cinikin ranar ta intanet. Daren da rezo ya yanke, aikawar sai ta gaza, ni kuma ban sa mata catch mai tare kuskure ba. Na karanta cewa tun daga Node 15, wadda ta fito a 2020, irin wannan kuskuren da ba a tare ba yana kashe manhajar gaba ɗaya, ba gargaɗi kawai yake bayarwa ba kamar da. Shi ya sa kullum da dare take mutuwa. Layi uku suka gyara shi.

Na 504 ma ina jin na kama shi. A wajen soke faktir ina karɓar haɗi daga rumbun bayanai, in an samu kuskure ba na mayar da shi. Haɗi 10 kawai pg, wato abin da ke haɗa Node da PostgreSQL, yake buɗewa in ba ka canza ba, to in goman suka tafi kowa sai ya tsaya jiran abin da ba zai zo ba. Na sa release a cikin finally, zan sa ido mako biyu in gani.

Maganar BEGIN da COMMIT ta tsaya mini a rai, don wajen sayarwa a rarrabe na rubuta su. Daren nan zan gyara, gobe kuma ni da babban yaron kanti za mu ƙirga buhunan mangaza mu gwada da abin da ke cikin manhaja.

Batirin CR2032 na saya, ban saka ba tukuna. Ranar Juma'a in an rufe kanti an tafi masallaci zan buɗe injin, in gyara BIOS, in gwada ɗaukewar wuta. Malam Ba'adare, wajen gwajin nan, in kashe Ubuntu da kyau sannan in cire wayar wuta in mayar, ko sai na fizge ta injin yana aiki kafin in tabbata? Ina tsoron rumbun bayanan, ko da yake zan ɗauki kwafi da pg_dump in ajiye a kan kile kafin in taɓa komai.