Masu karatu sun ce na rikita su da lokaci, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Salam 'yan uwa marubuta, dan Allah ku taimaka kaina ya kulle. Na kai babi na 14 a labarina, tauraruwar an raba ta da saurayinta a 1998 saboda wasiƙarsa ba ta iso hannunta ba, ƙawarta ce ta ɓoye, dama ita ƙawar tun suna yara take mata hassada don ta fi ta farin jini, to sai na tsallaka 2018 ina tafiya ina waiwaye. Yanzu ƙorafi ya ishe ni, wai ba a gane yaushe ake baya yaushe ake yanzu, wata har cewa ta yi yaron da aka haifa a farko ya ƙi girma. In goge ne in sake?

Anti ta guruf: Ƙanwata na karanta. Cire waiwayen nan gaba ɗaya ki jero labari daga farko zuwa ƙarshe, magana ta ƙare. A babi na 9 muna 1998 amma ta tura masa saƙo ta WhatsApp, abin da sai 2009 ya fito, ko Facebook ma sai 2004. Kuma in suna da waya ta yaya ɓatan wasiƙa zai raba su? Yaron kuma ya kamata ya kai 20, ke kin bar shi a firamare.

Wani mamba: Anti ni ban yarda ba, waiwaye shi ne daɗin labarin. Ta riƙa sa shekara a saman babi kawai, kuma a ga wurin ya canza, unguwar da suka bari fili yanzu ta cika da gidaje.

Wata mamba: Hmm ke ma kin samu masu ƙorafi. Ni kullum taifin har yatsa ya yi ciwo, su karanta su wuce ko kwamen babu.

Mai tambaya: Anti wurin WhatsApp ɗin ai tunani take yi, ba a 1998 ba ne. Shekara a saman babi kuma sai ya zama kamar littafin tarihi.

Anti ta guruf: In sai kin zo guruf kin yi bayani to rubutun bai yi bayani ba. Ɗauki takarda ki rubuta shekarar haihuwar kowa tukun.

Mai tambaya: Toh na ji. Amma yaron fa ina son shi a ƙaraminsa, shi masu karatu suka fi so.