Motsa jiki ga mai ciwon suga nau'i na 1 da ya rage cin sitaci: yaya ake hana suga faɗuwa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mai ciwon suga nau'i na 1 da ba ya wuce giram 50 na sitaci a yini, in zai yi gudu na minti 45 da yamma, yaya zai yi kada suga ya faɗi? Shawarar da aka saba ji ita ce a ci giram 30 zuwa 60 a kowace awa ta motsa jiki, wannan kuwa kusan abincinsa ne na yini guda. Akwai wata dabara?

Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam Malam. Akwai, kuma tana wajen insulin. Abin da ke kayar da suga lokacin gudu shi ne ragowar insulin da ke yawo a jini, ga tsoka kuma tana zuƙar suga da kanta. Insulin mai saurin aiki yana kai ganiyarsa awa 1 zuwa 2 bayan allura, ba ya ƙarewa sai bayan awa 4 ko 5. Wanda ya fita gudu awa ɗaya bayan allurar abinci ya faɗa tsakiyar ƙarfinsa ke nan. Shi ya sa gudun safe kafin a karya ya fi sauƙin sarrafawa.

In dole sai da yamma, mai famfon insulin (na'urar da ke manne a jiki tana zuba insulin) ya rage na tushe, wato wanda ke shiga kaɗan-kaɗan dare da rana, da kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari, minti 60 zuwa 90 kafin ya fara. Ragewa a bakin ƙofa ba ta tsinana komai, wanda ya riga ya shiga jiki yana nan yana aikinsa. Mai allura kuwa allurar abincin da ya gabaci gudun zai rage, da kashi 25 zuwa 75 gwargwadon tsawon gudun da zafinsa. Kada a yi allurar a cinya in ƙafa ce za ta yi aiki, tana saurin shiga jini. Wanda ke kan Tresiba, allurar insulin na tushe mai dogon aiki, kada ya sa rai da rage shi ranar gudu, aikinsa ya wuce awa 42. Adadin da ya dace da kowa, likitansa ne zai daidaita masa.

A gwada suga kafin fita. Ƙasa da 90 mg/dL, a sha giram 10 zuwa 20 na gulukos a dakata. Daga 90 zuwa 124, giram 10 ya isa. Daga 126 zuwa 180, bismillah.

Malamar Jinya:
Malam Ɗan Tsere ya yi bayani mai kyau, amma akwai abu biyu da suka keɓanta da masu rage sitaci, don Allah a kula da su.

Na farko hanta. Ita ce rumbun suga, kuma allurar gulukagon ta gaggawa, wadda ake yi wa wanda suga ya faɗi masa sosai, aikinta buɗe wannan rumbu ne kawai. Wanda ya daɗe yana rage sitaci ajiyarsa ta yi ƙasa, ga gudu ya ƙara kwashe ta, sai a yi masa gulukagon suga ya ɗan motsa kaɗan. Saboda haka kada a fita ba ƙwayar gulukos a aljihu. Magani ce, ba karya tsarin abinci ba ne. Yawancinsu giram 4 ne kowace ɗaya; a sha ɗaya ko biyu duk minti 20 in kibiyar na'urar auna suga da ke manne a jiki ta kalli ƙasa. In suga ya sauka ƙasa da 70, a tsaya cak, giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15. Abu mai maiƙo ba ya ceto, maiƙo yana jinkirta shigar suga.

Na biyu kiton, sinadarin da ke taruwa a jini in jiki yana ƙona kitse maimakon suga. Mai irin wannan abinci yakan kwana da ɗan kiton a jini, sai ya saba da ganinsa, ya daina jin tsoro. In an rage insulin fiye da kima, kiton na iya hawa zuwa matakin haɗari alhali suga bai yi sama sosai ba, musamman ga mai shan magungunan SGLT2, masu fitar da suga ta fitsari. Kiton na jini ya kai 1.5 mmol/L, babu motsa jiki ranar. In da amai, ciwon ciki ko numfashi sama-sama, asibiti kai tsaye.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Ƙari kaɗan, Malama. Ɗaga ƙarfe da gudun tsiya na ɗan lokaci sukan ɗaga suga, saboda adirenalin yana sa hanta ta saki ajiyarta. A fara da ƙarfe kafin gudu, faɗuwar takan yi sauƙi. In suga ya hau bayan an gama, rabin allurar gyara (insulin na sauko da suga) da aka saba ta wadatar, cikakkiya ita ke jawo faɗuwar tsakar dare.

Daren ma shi ne abin ji. Tsoka tana ci gaba da cika ajiyarta har awa 24, don haka bayan gudun yamma mai famfo yakan rage na tushe da kashi 20 na tsawon awa 6 daga lokacin kwanciya. Na'urar manne a jiki kuma tana bayan jini da minti 10 ko fiye lokacin gudu. In ta nuna 100 kibiya na ƙasa, ga rawar jiki da zufa mai sanyi, a soki yatsa a tabbatar.