Wutar da eriya ta mayar, a cikin taransimita take ƙonewa?

Ɗalibi: Salamu alaikum manya. An ce mana idan mita ta nuna wat 100 na tafiya eriya, wat 25 na dawowa, waɗannan 25 ɗin zafi suke zama a cikin taransimita. Haka ne?

Mai gyara: Haka ne mana, ƙane. SWR, wato ma'aunin rashin dacewar eriya da kebul, 3 ke nan. Ruwa ya shiga bakin kebul, allura ta hau, ƙarfen sanyaya taransista ya yi zafin da ba ka iya dafa shi. In ba can wutar da ta dawo ta shiga ba, ina ta je?

Injiniya: Yaya, ƙonewar na yarda da ita, dalilin ne ban yarda ba. An ƙera taransimita ta yi aiki da lodi, wato abin da take ba wuta, mai turjiyar om 50, amma cikinta ba resistar om 50 ba ce. Da eriya ta saɓa, lodin da taransista ke gani ya sauya. A wani tsawon kebul amfiya ce za ta yi yawa, a wani kuma bolt. Shi ke kashe ta.

Mai gyara: Wannan ai juya magana ce kawai.

Injiniya: To ɗauki janaretan sigina mai resistar om 50 a jere. Haɗa masa kebul mai rabin tsawon zangon siginar, ka bar bakinsa a buɗe. Duk wutar ta dawo, amma ba abin da ke bi ta resistar, sanyi ƙalau. Yanzu haɗe wayoyi biyun da ke bakin. Nan ma duk ta dawo, mita ba ta sauya ba, amma amfiya ta ninka, zafi ya zama ninki huɗu na lokacin da lodi ya dace. Wanne za mu ɗora wa wutar da ta dawo?

Baba: Yara, tun a shekarun 1970 Walter Maxwell, wani injiniyan eriya, ya yi wannan gardama a QST, mujallar masu rediyon sha'awa. Wat 75 taransimitar ta fitar, mu bar asarar kebul a gefe. In ka sa tuna, na'urar daidaita lodi, abin da ya dawo ana sake tura shi gaba, asarar a kebul take ƙaruwa.

Mai gyara: Ranka ya daɗe, to sakuleta fa, na'urar nan da ake sawa tsakanin taransimita da eriya? Lodin da ke gefenta yana ɗaukar zafi, da hannuna na taɓa.

Baba: Nan ka yi gaskiya. An gina ta ne takanas ta karkatar da abin da ya dawo zuwa resista, can kam yana ƙonewa.

Ɗalibi: To me zan rubuta a jarrabawa?

Injiniya: Fara tambayar me ke cikin tushen siginar, sannan tsawon kebul.

Mai gyara: Ni dai SWR ta haura 2, rage wuta nake in hau hasumiya.