Dhoom 2 ya fi na farko da gaske, ko ni kaɗai ne ban gani ba?

Fita na Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka kalli finafinan nan biyu, kuma don Allah a ba ni amsa tsakani da Allah.

Gyaran babur nake yi a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, gidana kuma Aboabo. Satin da ya wuce yaran shagona suka zo gida bayan isha'i, aka ɗora ataya, suka ce a sa musu Dhoom 2. Da na tambaya, ashe babu wanda ya taɓa ganin na farko a cikinsu. Na ce ai ba a fara gini daga rufi. Daren Asabar muka kalli Dhoom na 2004, daren Lahadi muka kalli na 2006. Su huɗu duk suka ce na biyu ya fi. Ni kuwa har yau raina bai karɓa ba.

A na farko, satar tana da ƙafa a ƙasa. Kabir, wato John Abraham, da yaransa masu kai wa mutane fiza ne da rana, ba wanda zai kalle su sau biyu. Dabararsu guda ce: su buga fashi, su hau babura, kafin motar 'yan sandan Mumbai ta juya sun ɓace. Babur ɗin da Kabir ke hawa Suzuki Hayabusa ne, inji mai cc 1300, wanda ya fito a 1999 yana taɓa kilomita 300 a awa. Sunan ma na wani shaho ne a harshen Japan. Duk wanda ya taɓa riƙe totur ya san motar sintiri ba ta kama wannan. Shi ya sa ɗan sanda Jai Dixit, wato Abhishek ɗan Amita, dole ya nemo Ali, bakanike mai tseren babur, don sai mai gudu ke kama mai gudu. Komai na fim ɗin daga wannan matsala ɗaya ya tsiro, har zuwa fashin gidan caca a Goa. Kuma a ƙarshe da aka rutsa Kabir, ya gwammace ya tuƙa babur ɗinsa ya faɗa daga kan dutse da a sa masa ankwa. Na kalli wurin nan a gidan bidiyo tun ana kashe tsohon sidi, kuma daren Asabar ɗin nan ma sai da tsigar jikina ta tashi.

Na biyu fa? Ɓarawon, Aryan, wato Hrithik Roshan, ya diro daga sama kan jirgin ƙasa a hamadar Namibiya, ya rikiɗe ya zama sarauniya, ya ɗauke kambi, ya sulale a kan rairayi. Kyau kam akwai. Amma ta ina ya san tufafin da za ta sa ranar? Wa ya taimake shi? Fim ɗin bai damu ya nuna ba. Sai na ga kamar daraktan, Sanjay Gadhvi, wanda shi ya yi duka biyun, ya kamu da son ɓarawonsa har ya manta da ɗan sandan. Jai ya koma ɗan rakiya, kullum yana isowa bayan an gama.

To ku faɗa mini, me yaran nan suka gani da ni ban gani ba?

'Yar Sawaba:

Wa alaikumus salam. Yaya, kai babur ka je kallo, shi ya sa. Ka cire Hayabusa daga na farko, me ya rage? Kabir ba shi da labari. Ba mu san daga ina ya fito ba, ba mu san abin da yake so ba ban da kuɗi.

Kuma ba ka yi wa satar gidan tarihi na Mumbai adalci ba. Mutum ya shafe jikinsa fari fat ya tsaya cikin mutum-mutumi, 'yan sanda sun cika wurin, ya ɗauke lu'u-lu'u a gaban idonsu, sannan ya fita a siffar tsoho mai shara. Wannan ai dabara ce, ba gudu kawai ba.

Amma ni abin da ya riƙe ni Sunehri ce. Aishwarya Rai ta shiga wurin Aryan a matsayin ɓarauniya mai neman koyon sana'a, alhali Jai ne ya turo ta. Tun daga nan har Rio de Janeiro tambayar ɗaya ce: amanar wa za ta ci? Wurin da ya ajiye bindiga a tsakaninsu bayan ya gane turo ta aka yi, ni da ƙanwata ko numfashi ba mu yi ba. A na farko matan ado ne kawai, su yi rawa su wuce.

Kawu daga Nima:

Ɗana na Kumasi, ina bayanka, amma ba don babur ba. Ƙarshen na biyun ne ya ɓata mini rai. Yarinya ta harbi Aryan, ya faɗa ruwa, kowa ya ɗauka ya mutu. Bayan wata shida sai ga su a Fiji sun buɗe gidan abinci, Jai ya same su, ya karɓi bayanin inda kayan satar suke, ya juya ya tafi. Ɗan sanda ne fa. Mutumin da ya bi tun daga Indiya har Brazil, ya bar shi don wai ɓarawon ya mutu, masoyi ne ya rage. Da jikokina na kalla, kuma sai da na tsayar da fim ɗin na yi musu bayani cewa ba haka duniya take ba.

'Yata ta Sawaba ta yi gaskiya a kan gidan tarihin. Wannan wurin an yi aiki.

Ƙaramin Fita:

Masta, ni ne wanda ya dafa atayar. Gaskiya mu rawar Hrithik da yadda yake canza kama ne suka tafi da mu. Kuma mun riga mun ga Dhoom 3 na 2013, inda Aamir Khan ya fito tagwaye a Chicago, babur ɗinsa har kan ruwa yake gudu. Bayan wannan, baburan 2004 ba su ba mu mamaki ba. Amma ƙarar injin Kabir ta fi, wannan na yarda.

Fita na Aboabo:

Na gode muku duka. Kawu, Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da ya tsaya mini a maƙogwaro ban iya furtawa ba. Kabir ya biya da ransa, Aryan ya biya da me?

Ƙanwata, jiya da daddare na koma na sake kallon satar gidan tarihin ni kaɗai, na mai da baya har sau uku. Na janye maganata a kan wannan wurin. Nan kam an nuna aikin dalla-dalla, yadda ya shiga, yadda ya jira, yadda ya fita, kuma irin abin da nake nema ke nan a fim ɗin sata. Da sauran satar biyun da ta Brazil an yi su haka, da ban buɗe baki ba. Amma ban yarda cewa Kabir ba shi da labari ba. Rashin sanin asalinsa shi ya sa ake tsoronsa. Duk lokacin da ya tsaya gaban Jai yana magana a hankali, ba ka san abin da zai yi ba. Aryan kuwa tun rabin fim na san ba za a bar shi ya mutu ba, ga kyau, ga rawa, ga budurwa. Da na san haka sai gabana ya daina faɗuwa, na koma kallon tufafi da bakin teku.

Batun Sunehri zan ba ki rabi. Wurin bindigar ya yi. Sai dai soyayyar ta cinye lokacin da ya kamata a ba Jai da Ali su yi farauta, har Ali ya koma mai ba da dariya zalla, shi da a na farko ya shiga cikin 'yan fashin da kansa yana leƙen asiri, ransa a hannu.

Kai kuma Ƙarami, babur ba ya gudu a kan ruwa, kuma ka sani. Na uku ma ba Gadhvi ya yi shi ba, Vijay Krishna Acharya ne, wanda ya rubuta na farko da na biyu. Ranar Asabar ku zo da shi mu kalla, amma sai an gama haɗa injin nan na mai pragya, wato babur mai ƙafa uku, da ke jira tun Laraba.