Takin inabi a tsakar gida: kowa ya kawo abin da ya gwada

Daga Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu inabi a gida, yaya kuke ba shi taki a wannan ƙasa tamu ta jigawa? Akwai kuma mai tambayar ko ɗan itacen nan kiwi zai yi a Katsina.

Daga Batagarawa:
Wa alaikumus salam. Kiwi dai a haƙura. Ba ya fure sai ya sha ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai haura digiri 7 ba, hunturunmu kuwa bai kai nan ba, don haka taki ba zai gyara ba. Inabi shi ne namu. Ramin dashe ya kai santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da bokiti biyu na ruɓaɓɓen takin tumaki. Takin zamani kuwa sai inabin ya kama ƙasa ya fitar da sabon toho, bayan mako 4 zuwa 6.

Daga Daura:
Malam, a ja layi a kan "ruɓaɓɓe", don a nan ake tafka asara. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙona saiwa har gefen ganye ya bushe. A tara shi a inuwa, a yayyafa ruwa, a rufe da buhu, a riƙa juyawa duk mako biyu. Bayan wata 2 ko 3, idan ya yi baƙi, wari da ɗumin sun tafi, ya nuna. Wanda ke da guntun kara a ciki kuma gara yake kira.

Daga Ajiwa:
NPK 15-15-15 nake sawa, ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya ga kurangar da ta shekara. Ba a jikin gindi ba: a ja zobe da tazarar santimita 40, a binne kamar zurfin yatsa, da yamma, a ba da ruwa kafin da bayan. Rairayi ba ya riƙe taki, ruwan Agusta tafiya yake da shi ƙasa, shi ya sa kaɗan-kaɗan sau uku ya fi a zuba gaba ɗaya. Mafi muhimmanci shi ne na bayan sassabe reshe, da zarar damina ta ɗauke.

Daga Ƙofar Sauri:
Hattara da yuriya, don Allah. Rumfa za ta cika da ganye shar, amma nonon inabin ƙalilan, ga farin fumfuna a inda iska ba ta ratsawa. Da fure ya fito a dakatar da ita.

Daga Daura:
Haka ne Hajiya. Tokar murhu tana taimaka wa zaƙi saboda sinadarin fotashiyam, amma tafi ɗaya ya isa, kuma kada a haɗa ta da yuriya, don ƙarfin takin zai bi iska. Idan sabon ganye ya yi ɗorawa jijiyoyinsa na kore, toka ta yi yawa ta hana saiwa jan sinadarin ƙarfe. A daina sawa, a ƙara ruɓaɓɓen taki.