Wai su FKD da Sarauniya ta yaya suka fara, kuma ta ina kuɗin fim ke dawowa?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne nan Damagaram muka haɗa kuɗi muka sayi kamara da kwamfuta, muna son buɗe ɗan kamfanin fim namu na kanmu, ba na gwamnati ba ba na ƙungiyar agaji (ONG) ba. Sai dai gardama ta ƙi ƙarewa tsakaninmu, ni na ce mu fara ɗaukar fim tukuna, abokina ya ce sai mun san wanda zai saya. Don Allah masu sanin tarihin kamfanonin Kano irin su FKD da Sarauniya ku ɗan ba mu haske, ya suka fara, kuma su da kansu suke saida fim ɗin ko wani ne ke saida musu?

Malam na Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya fi ka gaskiya, yi haƙuri. Kafin FKD akwai Tumbin Giwa, asalinta ƙungiyar wasan kwaikwayo ce a Kano, su suka fitar da Turmin Danya a 1990 kuma yawanci daga nan ake fara ƙirga fim ɗin Hausa na kaset. Sarauniya su suka yi Sangaya wajen 2000, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, wanda duk ya girma a Zinder lokacin ya san yadda waƙar fim ɗin nan ta cika gari har gidan biki. FKD kuwa na Ali Nuhu ne, har 2017 suna fitar da manyan finafinai, Mansoor a shekarar ya fito, kuma a 2024 aka naɗa Ali Nuhun shugaban hukumar fim ta Najeriya.

Amma abin da ka tambaya na saidawa shi ne zancen. A zamanin kaset furodusa ba shi ke bin kasuwa ba, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata su ke riƙe da wuyan harkar, kai ka kai musu uwar kaset da kwalayen da ka buga, su kwafa su rarraba, daga can dillalai su ɗauko a mota har nan kasuwar Dole. Yawan kwalin da aka saya shi ne ribarka. To ka ga wanda ke da shago shi ke faɗin farashi, kai da ka kwana a lokeshan sai jira.

Maman Sabon Gari:
Malam ka tuna min takaici wallahi. Ni na taɓa zuba kuɗin adashina a wani fim da 'yan unguwarmu suka yi, lokacin an koma CD, muka kai ma wani ɗan kasuwa a Kano ya ce a dawo bayan salla, aka dawo ya ce fim bai tafi ba alhali ga shi muna gani a faifan sata a bakin tasha, ko dala ban gani ba har yau. Ɗana in za ku yi, ku rubuta komi a takarda da shaidu, kar ku ce ai ɗan uwa ne.

Ɗan Birni:
Allah ya mayar da alheri Mama. To Malam yanzu da babu kaset babu CD fa?

Malam na Zango:
Yanzu masu turawa a waya sun kashe wannan kasuwar, da ɗan canji a cika maka memori da fim goma, kamfani bai ga ko sisi ba. Shi ya sa aka koma dogon zango a YouTube da talabijin. Dubi Saira Movies na Aminu Saira, Labarina suka riƙe ana nunawa a Arewa24 kuma suna sawa a tasharsu, ga talla a ciki. Wato kamfanin ya zama shi ne shagon kansa.

Ɗalibar jami'a:
Ni dai abin da ke ba ni haushi kullum sai Kano Kano, kamar mu ba mu da komi. Tun kafin Turmin Danya iyayenmu ke kallon ƙungiyar wasan kwaikwayon su Yazi Dogo ta nan Zinder a ORTN, gidan rediyo da talabijin na Nijar. Kuma ga Aisha Macky 'yar garin nan ce, fim ɗinta kan rashin haihuwa ya ci kyautar gasar finafinan Afirka ta AMAA a 2016, a 2021 ta yi wani kan matasan unguwar Kara-Kara. Hanyarta daban ce, ana haɗa gwiwa da kamfanonin waje a samu kuɗin aiki tun kafin a kunna kamara, sannan a zaga da fim ɗin bukukuwan fim irin FESPACO na Wagadugu. Sai dai fa rubutun dosiye, wato takardun neman kuɗin, da faransanci ba wasa ba ne, a cikinku huɗun akwai mai iyawa?

Ɗan Birni:
Akwai ɗaya, shi ne ma mai gardamar. Bari in tura mishi ya karanta da kanshi, amma kar ku faɗa mishi Malam ya ce ya fi ni gaskiya.