Commodore 64 ɗin mahaifina tana kawo wuta amma allo baƙi ƙirin, a taimaka da shawara

Assalamu alaikum jama'a. Ina kwashe kayan marigayi mahaifina na ci karo da Commodore 64 ɗinshi a kwali, irin ta farko mai ruwan ƙasa, wlh a kanta na fara taɓa kwamfuta shi yasa na ƙwallafa rai sai ta tashi. Na jona ta da adaftarta ta asali, jar fitilar ta kama, amma tibi baƙi ƙirin, babu shuɗin allon nan da ke rubuta 38911 BASIC BYTES FREE. Na kashe na kunna ya fi sau goma shiru. Ta ina zan fara don Allah?

Mai gyaran rediyo:
Wa alaikumus salam, Allah ya ji ƙan mahaifinka. Ɗan'uwa kafin komai cire adaftar nan, kar ka ƙara jona ta, sau goman ma da ka yi gabana ya faɗi. Wuta biyu take bayarwa, 5V DC da 9V AC, to in ta tsufa bangaren 5V ɗin yakan haura sama, kuma kai tsaye yake shiga IC ɗin RAM guda 8 da ke kan fanel ya ƙona su, ga shi yawancin adaftocin an cika cikinsu da ƙaro ya daskare ba ta buɗuwa balle a gyara. Sa mita ka auna ta ita kaɗai, in ta wuce 5.2V ajiye ta ka nemi sabuwa. Injin da aka fara sayarwa tun 1982 ai ba a yi mai garaje.

Mai tambaya:
Na auna Malam, 5.1V ne, ɗayan kuma ya ɗan haura 9V.

Mai gyaran rediyo:
Alhamdulillah, amma duk da haka ni ban yarda da ita ba, wata sai ta ɗau zafi take haurawa. Yanzu buɗe injin ka duba fis ɗin gilashi da ke kan fanel, layin 9V ne, in ya tsinke fitila za ta kama amma VIC-II mai fitar da hoto ba zai samu 12V ɗinshi ba.

Wata memba:
Da wace waya ka haɗa da tibin? In ta eriya ce sabbin tibi da yawa basa kamo ta, gwada ta AV tukunna.

Wani memba:
Ni dai PLA nake zargi, wato IC ɗin da ke tsara haɗin sassan injin, mai lamba 906114-01, tawa haka ta yi kuma shi ne. Yana zafi sosai ya mutu, ana samun madadinshi sabon ƙira. Ka kunna na rabin minti ka ɗora yatsa kan RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙona ka ya tafi. In SID, wato IC ɗin sauti, na kan soket zare shi a hankali, injin na tashi ba shi, amma za ka rasa sauti. Akwai kuma katrij ɗin gwaji mai suna Dead Test da ake soka wa injin, yawan walƙiyar da allo ya yi shi ke nuna wane RAM ne. Amma in baka saba da dalma ba kar ka kai ayan kan fanel ɗin nan, layukan na ɗagowa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Hajiya da AV na haɗa. Fis ɗin kuma lafiyarshi lau, mita ta yi ƙara. Na fasa kunna ta sai sabuwar adafta ta iso, sannan in gwada na yatsan. SID ɗin kan soket yake, da me ake ɗaga shi kar ƙafafun su lanƙwashe?